Gurbin Kifin Obrad

Mai girma shugaban ƙungiyar masunta ta garinmu Titel, Tihomir abokina. Wakilin magajin gari. Dattawanmu da suka ga kogin Tisa tun ba a yi masa shinge ba. Iyayenmu mata da suka dafa miyar kifin da ƙamshinta ke hana mu natsuwa. Jama'a baki ɗaya, barkanmu da wannan rana.

Ina godiya da kuka ce ni, Radivoj, in buɗe wannan nuni. Makarantata ba ta wuce sakandare ba. Da facin taya a bakin titi na fara, yau gareji uku gare ni, kuma rabin kifayen katakon da ke cikin gilasan nan ƙafata ce ta nemo su.

Da farko, a yi wa abin nan adalci. Kifin katako yaudara ce: a sassaƙa, a shafa fenti, a rataya masa ƙugiya, babban kifi ya zaci abinci ne. Amma hannu ne ya sassaƙa, ido ne ya haɗa launi, kuma in mai hannun ya rasu, launin ya bi shi. Shi ya sa muke tarawa.

Na biyu, kun ga gurbi guda babu komai. Wurin kifin marigayi Obrad masassaƙi ne, mai launin nan na zuma da ratsin kore, wanda kowa ke cewa ya daina yin sa tun muna samari. Na neme shi a kasuwannin tsofaffin kaya, na neme shi a akwatunan mamata, na neme shi har ƙetaren iyaka. Wanda duk na samu, haƙori ya cinye shi. Ni kuwa sabo nake so, wanda bai taɓa ruwa ba.

A bana na je wurin matarsa, Iya Desanka. Ta zuba mini kofi, ta ce, "Kai ne mai facin nan da ke damun mutane kan katako?"

Na ce, "Iya, gareji uku ne yanzu."

Ta ce, "To, mai faci uku."

Ta ɗauko guda ɗaya tilo da ya rage a gwangwanin alawa, ta miƙo mini, sabo fil, fari tas kamar azurfa. Na ce, "Iya, mai ruwan zuma nake nema."

Ta yi dariya har da tari. "Ɗan nan, Obrad bai taɓa mallakar fentin zuma ba. Da ɓawon ƙananan kifaye yake haɗa farinsa. Kogi ne ke rina shi, da rana, da hannun mai shi. Ka ajiye shi a gilashi, fari zai zauna har ka mutu."

Jama'a, ku duba inda aka bar ni. In na adana shi, ba zan taɓa ganin launin da na ƙare ƙuruciyata ina nema ba. In na jefa shi a kogi, tarwada guda na iya tsinke zare ta tafi da na ƙarshen da ya rage. Tihomir ya ce mini, "Kai da ka iya ɓatar da ƙugiya a bokiti, shi ne za ka jefa wannan?"

Na yi tunani ƙwarai. Obrad bai gama aikinsa a kan tebur ba. Ya bar wa kogi rabi. Ba ni da hurumin hana kogi rabonsa.

Saboda haka, na uku: ga shi nan a aljihuna, gobe zai shiga ruwa. A bar gurbin nan yadda yake. In ya dawo da launinsa, mu sa shi. In bai dawo ba, a rubuta a ƙasa cewa yana wurin aiki.

Allah ya jiƙan Obrad, ya ƙara wa Iya Desanka lafiya, ya raya mana Tisa da kifinta, ya mai da kowa gida lafiya. Ni kuma ku roƙa mini zare mai ƙarfi.

Na gode.