Haruffan da Suka Rage a Gwangwani

Ya mai girma shugaban wannan zama, Don Temistocles, jagoran masuntan bakin tafkin nan. Ya Fada Eleuterio, wanda gobe zai yi wa 'yarmu baftisma. Ya surukaina, Baba Hermagoras da Inna Leocadia. 'Yan uwa da maƙwabta, har da waɗanda ƙamshin soyayyen kifi ya gayyato: ina gaishe ku gaisuwar girma. Ni ce Carmelina, matar autan gidan nan. Na gode da kuka ɗaure jiragenku, kuka zo jin sunan jaririya. Kafin in faɗe shi, ku yi haƙuri da ni a kan abu uku.

Na farko, al'adar gidan nan. Kowa ya san a garinmu ana haɗa sunan uwa da na uba a fitar da na ɗa. Amma surukaina sun ƙara nasu sharaɗin: a yanka haruffan a kwali, a zuba a gwangwanin kofi, kuma harafin da aka ba wani ɗa ya tafi ke nan. Da goma sha takwas suka fara. Carlos ya ɗebi shida, Gema huɗu, Dario biyar. Da auta ya zo, Inna ta girgiza gwangwani, uku suka faɗo. Shi ne mijina, Eha. Shekara ashirin da bakwai, in ya shiga kasuwar kifi sai an yi masa ihu: "Kai Eha, ƙanzon tukunya! Suna ne wannan ko atishawa?" Yakan yi dariya, har na ɗauka abin bai taɓa damunsa ba.

Na biyu, kuskurena. Na daɗe ina mafarkin dogon suna, irin na matan littattafan soyayya, masu tsayuwa a baranda suna jiran wasiƙa. Da cikina ya tsufa na yanka haruffanmu goma sha biyu, tara nawa, uku nasa, na baza a tebur. Jama'a, abin mamaki! Na juya su, kalmar teku a yarenmu ta fito: mar. Na sake juyawa, ga miel, wato zuma, ga leche, wato madara. Ina suka ɓuya duk shekarun nan, muna amsa sunayen ba mu gan su ba? Can sai ga Marcelina. Na ƙwala kira: "Eha, zo ka gani!" Ya shigo da ƙarnin kifi a hannunsa. Bai dubi sunan ba, gefen tebur ya duba, inda haruffa uku suka rage. Nasa ne. Ashe Marcelina duk daga sunana ta fito. Ya ce, "Ya yi kyau, gimbiya. Na bayanta fa? Shi ma atishawar?" Ranar bai yi dariya ba.

Na uku, abin da muka yi. Muka yanke cewa ba za mu raɗa wa ta fari suna ba sai mun ga abin da zai rage wa na bayanta. Kwana goma sha ɗaya muna juyi, har aka haihu ba mu samu ba. Shekaranjiya Inna Leocadia ta ture ni da gwiwar hannu. "Matsa, 'yar littafi, kin cika son masu tsawo." Ta raba su shida da shida, kamar mai rabon kifi, sai ga sunaye biyu cikakku. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce da ɗanta, "Auta, da na san haka ake yi, da na hana Carlos ko harafi biyu."

To, jama'a, sunan 'yarmu Helena, kuma duk haruffan ubanta uku suna ciki. Shidan da ke gwangwani Marcia ce, tana jiran lokacinta. In kuwa namiji ne ya zo, ga su nan, C, A, R, M, I, A: duk wanda ya fitar mana da sunan namiji, Eha zai ba shi babban kifin ranar. In an rasa, Inna da bakinta ta ce a sayo sabon kwali.

Allah ya raya Helena, Allah ya cika komarku, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, kada ya bar ɗan kowa da ragowa. Na gode.