Romon Kifi a Ƙwaryar Inna

Kuɗin karsana na ɗaura a ƙugu ranar da na bar garin nan. Fara ce mai baƙin kunne, ita kaɗai ta rage wa Inna, mahaifiyata, cikin shanun da ubanta ya ba ta da za ta auri Bahaushe manomi ta shigo Birnin Gwari. Babanmu ya rasu lokacin kaka, masu haraji ba su san makoki ba, ni kuma ƙafata tana ƙaiƙayin tafiya. Inna ta ja karsanar da kanta zuwa kasuwa, ta dawo da igiya a hannu.

Lami, miƙo mini wuƙar nan mai baƙar ƙota. Ku matso ku zauna, amma kada wanda ya taɓa mini tukunya. Ɗazu na ji ku a bayan rumbu kuna dariya, wai kakanku ba ya zuba wa mutum abinci sai ya tambaye shi ko yana ci, sai ka ce alƙali. To, yau za ku ji dalili kafin karfasar nan ta nuna.

Ni ne ɗan fari, Inna kuwa Bafulatana ce ta gaske. Ba ta taɓa kama sunana ba, "kai wannan" take ce mini. Ranar tafiyar ma ba ta dube ni ba. Ta ajiye ƙullin kuɗin a bakin tabarma, ta ce da bango, "A dawo kafin shuka." Na ce to. Shekara huɗu na yi.

Da fatake muka ratsa dajin nan a ƙafa har Zungeru. Can na fara ganin jirgin ƙasa, na kuwa yi masa sallama, fasinjoji suka yi ta dariya. Daga Baro muka shiga na ruwa sai Lakwaja, inda manyan koguna biyu suka haɗu. Ruwa iya ganinka, ku da kuke kurin kun iya iyo a kududdufi.

Na sami ɗaki a gidan wata Banufiya mai bandar kifi, kowa Nna yake ce mata. Gajeriya ce, amma muryarta ta fi ta tsawo. Kwanana biyu a gidan na wanke wandona, na ga wata raga a tsakar gida, na shanya. Ashe ragar banda ce.

"Kai Bakano! Wandonka kifi ne?"

"Ni ba Bakano ba ne, Nna. Daga Birnin Gwari nake."

"Duk wanda ya zo daga tudu Bakano ne. Kwashe tsummanka kafin in bandace shi in kai kasuwa!"

Haka muka zauna, kullum da abin da za mu yi faɗa a kai: na sha mata ruwan randa, na taka mata itace, na yi minshari. Da farko dako nake yi a bakin jirgi, ina ɗaukar buhunan kamfani. Daga baya aka ɗauke ni wanke-wanke a kicin ɗin Baturen kamfanin, wanda muke kira Mai Lofe don ba ya raba bakinsa da lofen taba. Turancina duka guda uku ne: yessa, nosa, da sori-sa. In ya ce buladi-ful sai in ce yessa, na ɗauka wani muƙami ne ya ƙara mini.

A damina ta biyu zazzaɓi ya kwantar da ni. Kwana biyar ko koko ba ya zama a cikina. Matar nan da ke zagina safe da yamma, sai ga ta ta jawo murhu har ƙofar ɗakina, wai in zan mutu kada in mutu mata a gida da yunwa, mutane su yi da ita.

Ku duba hannuna, abin da ta yi ke nan. Ɗanyar karfasa, wadda aka kama yau. A kankare ta, a fede ciki a hankali kada matsarmama ta fashe, in ta fashe kun yi asarar kifi. A goge ta da lemun tsami. A shimfiɗa albasa a gindin tukunya, a daka citta kaɗan da barkono guda, a barbaɗa gishiri, a kwantar da kifin a kai. Ruwa rabin moɗa. Ba mai, ko ɗigo. A rufe, kuma ba a juyawa. In ya kusa sai a watsa alayyaho a sama. Nna ta ce in idon kifin ya yi fari, ya nuna. Kafin mutum ya yi alwala ya idar da la'asar an gama. Yawwa, na rufe. Lami, rage itace guda.

Na sha romon nan, ya zauna. Washegari na ci tsokar. Kwana uku na miƙe, muka ci gaba da faɗanmu.

Ba a daɗe ba Mai Lofe ya kamu da ciwon ciki. Likitansu ya hana shi mai, ya hana shi naman gwangwani, ya rame har wandonsa yana zamewa. Kukun gidan ya dafa wannan ya dafa wancan, duk a dawo da faranti yadda ya tafi, har aka sallame shi. Ni kuwa da ƙarambani na dafa kifin Nna na kai tebur. Ya shanye, ya suɗe cokali, ya ce, "Sitim fish! Wa ya koya maka sitim fish?" Na ce yessa. Tun daga ranar na zama kuku, da farar riga mai maɓallai. Kaina ya kumbura. Na koyi tafasa ruwan sha, na koyi goge faranti har in ga fuskata, na fara ganin duk wanda bai yi haka ba ƙazami ne. Shuka ta wuce sau huɗu, ni dai in aika da sabulu da turmin atamfa ta hannun fatake, in ce a gaida Inna.

Rannan wani falke mai goro ya same ni a bayan kicin. Ya ce, "Garba, in kana son ganin tsohuwarka, ka kama hanya. Ciwon ciki ne. Ba abin da ke zama."

Na je na tsaya gaban Mai Lofe. Yana jin Hausa, irin tasu.

"Masta, uwata ba lafiya. Zan je gida."

"Kowane kuku uwa nasa ba lafiya. Baƙi na zuwa daga Ikko. Uwa naka ya jira."

"Ciwo ba ya jira, Masta."

"Ka tafi yanzu, babu takarda. Babu takarda, babu aiki wurin Bature har abada."

Takardar shaida yake nufi, wadda kuku ke nunawa a ɗauke shi a wani gidan. Kada ku ce laifinsa ne shi kaɗai. Na tsaya. Mako biyu na tsaya ina dafa wa baƙi kifi saboda wata 'yar takarda. Da baƙin suka tafi ya ce wasu na tafe. Sai na rataye farar rigar a ƙofar kicin na fita, ba takardar, ba sallama. Nna ta raka ni bakin jirgi tana zagina da na daɗe, ta cusa mini lemun tsami da citta a jaka.

Na iso da rani tsakiya, shanu duk sun yi kudu neman ruwa. Na sami Inna kwance a ɗakinta, ta ƙare sai idanu. Ƙanwarta, wadda muke kira Yafendo, ita ke jinyarta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi bango ta ce, "An dawo?" Na ce an dawo. Kuka ya taso mini, na haɗiye, don a raina ina cewa ai na zo da magani. Abin da ya ta da Bature, ya ta da ni, zai kasa ta da Inna?

Da sassafe na sauka kogi wurin masunta na samo karfasa tana motsi. Na hura wuta a tsakar gida, ni namiji, mata na leƙe ta katanga. Da ya nuna na nemi abin zubawa. Na ɗaga akushi na ce bai wanku ba, na ɗaga kasko na ce ƙazanta. Sai idona ya kai kan wata farar ƙwarya mai zane a saman jeren Inna, tsaf da ita kamar farantin Mai Lofe. Na miƙa hannu na sauko da ita. Yafendo ta ce, "Kai, wannan ai..." Inna ta dube ta, kallo ɗaya. Yafendo ta bar maganar a nan.

Na tallafo Inna na miƙa mata ludayi. Ta daɗe tana riƙe da shi. Na ce, "Sha mana, Inna, abincin Turawa ne, ba mai a ciki." Ta yi bisimilla ta kurɓa. Ta ƙara. Ta ƙara na uku, ta ce, "Ya yi." Ya kuwa zauna, bai dawo ba.

Wayyo, ku ga murna! Kullum in sauka kogi, kullum in dafa, kullum ta sha a ƙwaryar nan. Rana ta huɗu har ta zauna ta jingina da bango. Na fita zaure ina cika baki, ina koya wa dattawa yadda ake jinya a Lakwaja.

A rana ta biyar ne Yafendo ta ɓace tun asuba, ba ta dawo ba sai bayan azahar, ƙafafunta fari fat. Ashe wata ruga ta je can cikin daji, inda aka bar 'yan shanu tsofaffi, ta roƙo kindirmo a ɗan ƙoƙo. Na tare ta a ƙofar ɗaki.

"Mene ne wannan, Yafendo?"

"Nono ne. Ɗan kaɗan za ta taɓa."

"An tafasa shi?"

"Wa ya taɓa tafasa kindirmo, ɗan nan?"

"To ba za ta sha ba. Irin wannan ne ke kawo cutar ciki. Ni na zauna da likitoci."

Na karɓe na miƙa wa maƙwabta ta katanga. Inna tana ji. Ta juya fuskarta bango. Na ɗauka barci ne.

Kwana tara na yi ina ciyar da ita. Ran na goma da hantsi na dawo daga kogi da kifi a hannu, na tarar ana salati a gidan.

Bayan sadakar bakwai na ga Yafendo a gindin rijiya tana goge ƙwaryar nan da toka. Ta wanke, ta sansana, ta sake gogewa. Na ce ta kawo in taya ta, na iya wanke-wanke. Sai ta ajiye ta, ta dube ni.

"Ƙarnin kifin nan ba zai fita ba. Ƙwaryar nonon uwarmu ce. Tun da aka fafe ta, ban da nono ba abin da ya taɓa shiga cikinta."

Ta sake ɗibar toka, ta ci gaba.

"Kuma uwarka, tun da aka haife ta ba ta taɓa sa kifi a baki ba. Mu a gidanmu ba a ci, ko warinsa ba ma so."

Na ce, "Ai ta sha dafa mana miyar busasshen kifi, Baba na da rai."

"Ta dafa muku. Tukunyar daban, ludayin daban, tana yi tana kau da kai. Ku kuna zaure kuna ci, ka taɓa shigowa ka ga abin da ke cikin ƙwaryarta?"

Ban taɓa ba. Shekara ashirin ina ci daga hannun matar nan, ban san abin da take ci ba.

"Wata biyu ba abin da take ambato sai nono," in ji Yafendo. "Da karsanar nan tana gida, da yanzu ta haihu biyu."

Na ce, "Don Allah me ya hana ku faɗa mini? Me ya hana?"

"Ita ta hana. Kullum ka tafi kogi sai in ce bari in gaya masa. Ta ce, 'Ki ƙyale shi. Shekara huɗu ya yi a can, abin da ya samo ke nan. In na ƙi sha, da me ya dawo? Bar Garba ya ciyar da ni.'"

Garba. Ta kama sunana, sau ɗaya a duniya, ni kuwa ina bakin kogi ina cinikin kifi.

Na zauna a ƙasa a gindin rijiyar nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Har yau ina tuna ɗan ƙoƙon da na miƙa ta katanga. Ban sake komawa Lakwaja ba, ban sake yi wa Bature aiki ba. Na ɗauki fartanyar Baba. Ƙwaryar ita ce kuke gani rataye a ɗakina, wadda na hana ku taɓawa.

Kifin ba shi da laifi, abinci ne mai kyau, yana gina jiki, ba ya wahalar da ciki. Ni ne ban tambaya ba.

Ɗaga murfin mu gani. Kun ga idon ya yi fari? Ya nuna ke nan. Ku kawo kwanoninku, ɗaya bayan ɗaya. Akwai kindirmo a ɗaki, na sa an kawo da safe, ga wanda ba ya so.

Lami, ke ce farko. Dube ni nan, ba bango ba. Kada ki ji kunyata, faɗa mini gaskiya. Kina ci?