Turba a Cikin Dabino

A gindin Dutsen Uhudu na raɓe a inuwar rumfar wata dattijuwa mai sayar da dabino. Wani alhaji yana taya dabinon ajwa.

"Hajiya, riyal talatin ya yi yawa. A Iraƙi da rabin haka na sayi mai kyau."

"Iraƙi? Me ya kai ka can, Alhaji?"

"Tarihi kawai. Kufan Babila na je gani, sai tsohuwar Bagadaza."

"Ai Babila da Karbala ba nisa. Ba ka leƙa ba?"

"Ni? Motarmu dai ta bi ta gefen gari. Ko taga ban buɗe ba."

Ya sa hannu a aljihu zai ciro kuɗi, sai ɗan faifan yumɓu ya faɗo cikin dabinon, irin wanda 'yan Shi'a ke kira turba, suke ɗora goshi a kai wajen sujada.

"Ikon Allah! Ta rufaffiyar tagar ce wannan turba ta shigo?"

"Tsaraba ce. Maƙwabcina ya roƙe ni."

"Maƙwabcin nan akwai ibada. Yana can gida, amma goshinsa har ya sa ta yi baƙi."

Ta murza ta da yatsa, ta taɓe baki.

"Kuma an cuce ka. Ƙasar Karbala ta gaske ta fi wannan laushi."

"Hajiya, ke kuma ina kika san laushinta?"

Ta waiga hagu da dama, ta cusa turbar cikin ledar dabinonsa, ta rage murya.

"Kawo ashirin, shi ke nan. Ni ma ina da maƙwabciya."