Tiyon da Ke Aljihu

A shagon kayan mota, wani mai jar mota ya rungume sabon famfon fetur kamar jariri. Wani dattijo ya leƙo.

"Turbo ka sa wa motar don ƙarin gudu?"

"Eh, Baba. Jiya na ɗaura regileta mai daidaita fetur, yau famfo, gobe sai gudu."

"Ka haɗa siririn tiyon regiletar da injin?"

"Ɗan abin nan? Yana aljihuna."

"Shi ke gaya mata ta ƙara mai in turbo ya buɗe. Babu shi, fistin ɗin cikin injin zai narke."

Mai motar ya zaro tiyon daga aljihu. "Allah ya saka da alheri, ka cece ni. Bakanike ne kai?"

"Ina fa. Ka ga keken can? Shi nake hawa yanzu. Ni ma a aljihu na bar nawa."