Gitar Cleophus a Bayan Shinge

A tashar motar Clarksdale, Hosea Gatlin na zaune da baƙar kwat, sai wata mata da bai sani ba ta zauna gefensa, riƙe da kwanon soyayyen kifi na gidan makoki.

"Ɗan'uwa, kai ma jana'izar Cleophus za ka?"

"Can za ni."

"Wayyo! Mutumin da zai sa wuyan kwalba a yatsa ya goga wa gita, ta yi kuka kamar mai naƙuda. Kiɗansa ne ya riƙe ni da aurena ya mutu."

"Wannan kiɗan nasa na blues, kiɗan gidan giya ne, 'yar'uwa. Haka aka koya mana."

"Ji shi! Ai irinku ne suka hana shi kiɗa ranar binne uwarsa. Wani dattijon coci ya tare ƙofa, wai gitar shaiɗan ba za ta shiga ba. Bayan shinge ya tsaya ya yi mata kiɗan, cikin ruwan sama."

"Ba a yi ruwa ba, rana ce ta ƙwalle. Tsirkiya ɗaya ta tsinke, ya ƙarasa da biyar."

Ta juyo ta dube shi. "A ina ka tsaya har ka ga wannan?"

"A bakin ƙofar." Hosea ya murza hularsa. "Shekara talatin ina cewa gobe zan ba shi haƙuri. Yau ni zan buɗe masa ƙofar cocin, har da gitar."

Matar ta gyara murfin kwanonta.

"Buɗe, Baba. Sai dai wa zai kaɗa ta?"