Takardar Famfon Ƙauye

A tashar Madarunfa, Ɗelu ta tare wani mai farar riga, tana riƙe da takardar da matan ƙauyensu suka aiko ta da ita.

"Malam, ina zan sami depitenmu? Famfonmu ya lalace tun bara."

"Inna, ai an rushe majalisa. Babu depite yanzu."

"To, magajin gari fa?"

"Shi ma an sauke shi, an naɗa wakili."

"Wakilin wa? Mu muka zaɓe shi?"

"A'a, riƙon ƙwarya yake yi."

Ɗelu ta jujjuya katin zaɓenta. "Kai da ka san abin haka, wa zan miƙa wa takardar?"

Mutumin ya zaro tasa takardar daga aljihu. "Inna, ni kaina zaɓaɓɓen konseye ne a da, ɗan majalisar gari. Yau kwana uku ina wannan tambayar."