Ranar da Haɓata Ta Taɓa Ƙirjina

Jama'ar Allah, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Ku yabi Ubangiji! A'a, wannan Halleluyar ta waɗanda ba su karya kumallo ba ce. A ƙara mata ƙarfi!

Sunana Rifkatu. Wanda bai san fuskata ba ya san muryata, don idan iska ta juya har Maigatari ana jin ta. Baba Fasto ya ce in taƙaita. Zan ƙoƙarta, Baba, amma ban yi alkawari ba.

A bazarar bara, lokacin da zafin Gumel ke dafa ƙwai a aljihu, na dawo daga makaranta kaina yana sara kamar maƙera sun tare a ciki. Na gaya wa Mama. Ta ce, "Wannan ciwon kan naki ya san lokacin wanke-wanke." Washegari sai zazzaɓi, sai amai, hasken taga kuma kamar barkono a ido. Mama ta sa hannu ta ɗago kaina don ta ba ni ruwa, sai duk jikina ya taso tare kamar taɓarya. Wuyana ya ƙi lanƙwasuwa. Kofin ya suɓuce daga hannunta.

Babana yana wurin aiki a Sule Tankarkar. Maƙwabcinmu Malam Sani mai adaidaita ne ya ji ihun Mama. Yana leƙowa ya ce, "Maman Rifkatu, ɗauko ta! Sanƙarau ne, ba a jira da shi." Ranar adaidaitarsa ta yi tsere da iska. Allah ya saka masa da alheri.

A asibiti likita ya ce, "'Yammata, taɓa ƙirjinki da haɓarki." Na ce a raina, wannan ma aiki ne? Na gwada. 'Yan'uwa, tsakanin haɓata da ƙirjina ya fi tsakanin nan da Kano nisa! Sai na ji yana gaya wa Mama a hankali cewa ciwon nan yana iya tafiya da rai, idan ya bar rai kuma yana iya tafiya da ji.

Nan wasa ya ƙare. Na ji tsoro ƙwarai.

Aka yi ta yi mini allura har na zama rariya. Iyayenmu na zumuntar mata suka zo, amma ba a bar su sun shiga ba, sai suka tsaya a bakin taga. Mama Saratu, shugabarsu, ta ce, "Mu sunkuyar da kai mu yi addu'a." Kowa ya sunkuya. Ni kaɗai na rage ina kallon rufin ɗaki, hawaye na gangarowa cikin kunnuwana. Na ce, "Yesu, ko kai ba zan iya sunkuyar maka ba. Ka karɓe ni a haka, ka taɓa ni." Ciwon bai tafi nan take ba, amma tsoron ya sake ni.

Kowace safiya sai likita ya zo da gwajinsa. Haɓar nan tana matsowa kamar hawainiya. Wata safiya kuwa, sai ga ta a ƙirji! Mama ta rangaɗa guɗa har nas ta nuna mata ƙofa. Kuma na ji guɗar da kunnuwana biyu, ras! Halleluya!

Nan na yi wa Allah alkawari cewa har in tsufa ba zan sake ƙorafi ba. Kun san inda alkawarin ya tsaya? A kofin kunu. Muna komawa gida ba da daɗewa ba aka ba ni kunu ba sukari, sai na buɗe baki: kunun ba daɗi, ba wutar lantarki, ga zafi, ƙanena ya sa takalmina.

Mama ta bari na yi nisa, sannan ta ce, "Rifkatu, taɓa ƙirjinki da haɓarki."

Na taɓa.

Ta ce, "Yauwa. Tsaya a haka, ki ci gaba da ƙorafin."

Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Sai na ji ina cewa, "Na gode, Yesu."

Tun daga ranar, kafin ƙafata ta sauka daga gado, sai haɓata ta gaisa da ƙirjina na yi godiya. Ban zama mala'ika ba, Mama na nan, ku tambaye ta. Amma godiyar da nake tsammanin a asibiti kawai ake yin ta, yanzu kullum nake ɗebo ta, kamar ruwan sha.

Wanda ke cikin ciwo a nan, ka dogara ga Yesu, yana jin addu'ar wanda ko motsi ba ya iyawa. Ku kuma masu lafiya, ina roƙon abu ɗaya. Kowa ya taɓa ƙirjinsa da haɓarsa. Har da ku dattawa, ina ganinku. Ta taɓa? To, tunda kun riga kun sunkuya, mu gode masa.